Ruwan da Surukina Bai Sha Ba

Malam Dalhatu Safiyo surukina ne, mahaifin matata Sakinatu. Shekara tara ina auren 'yarsa, amma in aka tara duk maganar da muka yi da shi a shekarun nan ba za ta cika hirar shayi ɗaya ba. Duk da haka ni na fi kowa sanin yadda ya ƙare, don haka ni ya kamata in ba da labarinsa, ko da ba na so.

Ba safiyo ba ne, wato ma'aunin ƙasa mai takarda, kada sunan ya ruɗe ku. Lebura ne na masu awon ƙasa. Shi ke jan tef, shi ke ɗaukar sandar nan mai ja da fari ya je ya tsaya inda aka nuna masa, shi ke kafa turken siminti a iyakar fili. Shekara talatin da biyu yana wannan aiki, daga dajin Birnin Gwari har kudancin Kaduna, yana kwana a tanti, yana dafa wa kansa wake a gwangwani. Masu takarda na inuwa suna leƙen na'ura, shi yana can cikin ƙaya. Da ya yi ritaya ma'aikata ta ba shi agogon bango, mutanen Tudun Wada kuma suka ba shi sunan da ma'aikatar ta hana shi.

Gidansa na bayan kasuwar Tudun Wada a Zariya, amma ritaya ba ta zaunar da shi a cikinsa ba. Ƙafa ta riga ta saba. Mutumin nan zai tafi ɗaurin aure Samaru a ƙasa ya dawo a ƙasa, 'yan acaɓa na bin sa da hon suna cewa ya hau ko kyauta ne. Ya ɗaga musu hannu ya wuce. In maƙwabta suka yi rikicin iyaka, kafin a kai ga mai unguwa shi ake kira. Ya cire takalmi, ya taka filin daga wannan kusurwa zuwa waccan yana motsa leɓe, ya ce katangar wane ta shigo da taku ɗaya da rabi. An sha kawo tef don a ƙure shi, ba a taɓa ƙure shi ba.

Abu ɗaya nake jin haushinsa a kai, kuma shi ne abin da kowa ke yabonsa da shi, wato kunya. Sakinatu ce 'yarsa ta fari, saboda haka ba ya faɗin sunanta. "Yarinyar nan" ce tun tana jaririya har ta haifi uku. Ni kuwa mijin 'yar fari, tawa kunyar ninki biyu ce. "Malam" yake ce mini, alhali ni akawu ne a jami'a, harabar Kongo, ban taɓa karantar da kowa ko baƙi ɗaya ba. In na je gaisuwa na durƙusa a bakin zaure, sai ya juya wajen bango ya amsa, kamar bangon ne ya auri 'yarsa. Bai taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gabana ba, ni ma ban taɓa ci a gabansa ba. Ranar sunan ɗanmu na biyu na faɗo zaure yana da lomar waina a baki. Bawan Allahn nan ya riƙe lomar a kumatu har na gama gaisuwa na fita. Na ba Sakinatu labari muka yi ta dariya har da hawaye. Yanzu in na tuna dariyar nan ji nake kamar in mari kaina.

Ba wai ba ya ƙaunarmu ba ne. Lokacin mangwaro zai tako har gidanmu a Gyallesu da leda cike, ya rataye a ƙofarmu ya juya, ko sallama babu. Da rufinmu ya fara yoyo ya bari sai da na tafi ofis, ya zo ya hau ya toshe. Da ƙafa da hannu yake magana, ni kuma na saba da ta baki.

Wasu ma'aikata a Kongo suna da ƙungiyar masu hawan dutse. Duk Asabar su sa kambas da hular hana-sallah, su tafi Kufena, su hau suna haki, su ɗauki hoto a sama. Likita ne ya tura ni cikinsu saboda tumbi. Wata Asabar muna tsakiyar hawa sai ga dattijo ya wuce mu da silifas, ko numfashinsa bai canza ba. Surukina ne. Ashe shekara da shekaru yana hawa shi kaɗai. Tun daga ranar 'yan ƙungiya suka maƙale masa, suka mai da shi uban tafiya. Ni kuwa Asabar ɗina ta lalace, don ko ruwa zan sha sai na laɓe bayan dutse kamar mai satar shan taba.

A nan na fara jin muryarsa sosai, don da su yana hira, ni ina gefe ina satar ji. Ya ce wani ogansa ya taɓa aiki can arewa da Gashuwa, ya ba shi labarin ƙasar da ba a kafa turke, ka kafa yau gobe yashi ya haɗiye. Ya ce shekara ashirin abin na cin sa, don shi bai yarda akwai ƙasar da ba ta awo ba, amma gani ya kori ji. Shugaban ƙungiyar, Ashraf, ya ce ai kuwa akwai wurin yawon buɗe ido a cikin tuddan yashin, ana kafa tanti a kwana. Aka sa ranar hutun Ista, don shi ne lokacin da ma'aikaci ke samun kwana huɗu a jere. Mu goma sha ɗaya, har da masu digiri uku-uku, babu wanda ya tsaya ya tambayi irin zafin da ake yi a can a watan Afrilu.

Na ce ba zan je ba. Kwana huɗu da suruki a zango ɗaya, yaushe zan ci abinci? Sakinatu, wadda ke shayar da ƙaramarmu a lokacin, ta ce mahaifinta ya haura saba'in, yana shan maganin hawan jini, kuma ba zai tafi wata uwa duniya babu nasa a kusa ba. Ta ce amana ce ta ba ni. Na yi ta ƙorafi har na shiga mota.

Tafiyar ba ta da wani labari sai faɗa, kuma duk ni na yi shi. Na yi da direba a Haɗeja a kan gudu, na yi da mai masauki a Gashuwa a kan fankar da ba ta juyawa. Washegari na yi da mai motar shiga yashi, wanda ya so ya bar jarkar ruwa ɗaya wai nauyi ya yi yawa. Sai da na tara masa mutane ya ɗora ta. Surukina yana kujerar gaba, ya kafa ido a hanya kamar bai san ni ba.

Mun isa zangon bayan la'asar. Wani kwari ne a tsakiyar tuddai, da goruba da dabino kaɗan da rijiya mai ruwan kanwa-kanwa. Duk inda ka juya yashi ne ja-ja, tudu bayan tudu, babu dutse, babu gini, babu ko falwaya. Jagoran da aka haɗa mu da shi mutumin yankin ne, dogo, Hausarsa a gutsure. Ya ce kada kowa ya yi nisan da zai daina hango tanti, kada a yi yawo bayan hantsi, kuma a sha ruwa tun kafin a ji ƙishirwa. Muka ce to, irin to ɗin da ake ce wa mai tallar magani a tasha. Kafin masu digiri su gama karanta takardar da ke cikin jakar tanti, Malam Dalhatu ya kafa uku, ya binne turakun a kwance don kada yashi ya tofo su. Ban taɓa ganin haƙoransa a waje kamar yammacin nan ba.

Da safe bayan sallah aka ɗora shayi. Na zauna a bakin murhu ina gardamar sukari. Aka miƙa masa kofi ya ce a ajiye, zai sha in ya dawo. Ban kawo komai a raina ba. Sai daga baya na gane ni na hana shi, da na yi zaman dirshan a wurin.

Ya rataya gorarsa ya ɗauki sanda. Gorar ƙarfe ce irin ta sojoji, tun ta zamanin aiki, an naɗe ta da tsumman buhu, tana cin kusan lita biyu. Ya gaya wa Ashraf zai taka tudu ɗaya ya ga tsawonsa, yanzu zai dawo. Jagora kuwa ya tafi ƙauyen kusa neman akuyar da za mu gasa. Na tuna amana, na cusa ledar fiya wata biyu a aljihu na bi shi, na bar taku goma tsakaninmu kamar yadda ya dace.

Tudu ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama biyar. A kan na farko ya waiwaya ya nuna da sanda, ba tare da ya kalle ni ba, ya ce ga alamarmu can, gorubar nan mai kai biyu. To, a nan Bazazzagi ya yi kuskuren Bazazzagi. Mu a gida in ka ɓata sai ka ɗaga kai, ga Kufena, ga rimi, ga hasumiyar masallaci, kowanne yana nan inda ka bar shi. Ba mu san a can kowane kwari da gorubarsa ba, kuma kusan kowace goruba kai biyu gare ta.

Wajen ƙarfe tara iska ta taso. Ba guguwa ba ce, wata 'yar iska ce mai bin ƙasa, tana kwasar yashi daidai idon sawu. Na waiwaya na ga sawunmu na cikewa ina kallo. Zafi kuwa ya riga ya sauka, irin wanda ke shiga ta tafin takalmi. Na ja baya na tsotse leda ɗaya, bayan rabin awa na tsotse ɗayar, na binne ledojin da ƙafa don kada ya gani.

Ya ce mu juya, taku dubu huɗu da ɗari biyu ne. Muka juya. A zuwa rana tana kuncina na dama, don haka ko ni akawu na san a komawa ya kamata ta koma na hagu. Sai na ji ta karkata wajen ƙeyata. Na buɗe baki na rufe. Wa zai nuna wa Malam Dalhatu Safiyo hanya? Na ce wa kaina abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na yi shiru na bi.

Takun ya cika a bakin wani kwari. Ga goruba mai kai biyu, amma babu tanti, babu rijiya, babu ko kashin akuya. Ya tsaya ya duba ko'ina. Sannan ya ce a hankali, kamar mai faɗin rasuwa, taku ba ya cika a ƙasar nan, ƙafa zamewa take yi baya, lissafinsa ya tashi a banza. Muka hau tudu na gaba muka duba, muka hau na gaba da shi. Wayata tun jiya babu sabis, yanzu kuma ta yi zafi ta kashe kanta. A nan tsoro ya kama ni, na gaske.

Muka sauka muka zauna ƙarƙashin wata goruba. Inuwarta ba ta fi tabarmar sallah ba. Ya ajiye gorar a kan yashi, ya turo mini ita da sanda, fuskarsa a gefe.

"Malam, ɗauki ka zaga."

Na ɗauka na zaga bayan tudu. Na buɗe, ƙanshin ruwan kaɗai ya kusa sa ni kuka. Amma ni na sha leda biyu, shi bai sha komai ba, kuma shi ne tsoho. Na jiƙa leɓe na rufe. Na dawo na ajiye kusa da shi, na ce zan hau sama in duba ko zan hango wani. Na ba shi baya don ya samu ya sha. Na ji ƙarar murfi, na ji shiru, na ji an rufe. Da na sauko yana shafa gemu yana hamdala. Wallahi na ji daɗi, na ce dabarata ta yi.

Sau uku muka yi wannan wasan. Tsakani na cire farar rigata na ɗaura a sandarsa, na kafa a saman tudu, na yi ihu har muryata ta dushe. Rana ta zo tsaka, inuwar ta tsuke ta koma gindin bishiya. Muna matsawa muna bin ta, kuma ko a nan yana ƙoƙarin kada kafaɗarsa ta taɓa tawa.

A zagaye na uku ne na tsaya na auna gorar a hannu. Na girgiza ta kusa da kunne. Ko motsin kirki ruwan bai yi ba, don babu wurin da zai motsa. Awa uku muna miƙa wa juna gora cike, kowa na yi wa ɗan'uwansa kara. Na tsaya a bayan tudun nan ina zagin kaina, ina zaginsa, ina zagin duk wanda ya fara ƙirƙiro kunyar suruki. Na shirya maganar da zan yi masa tsaf, mai zafi, irin wadda na yi wa mai mota, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na dawo na durƙusa na dubi yashi, ga abin da ya fito daga bakina.

"Baba, da kun ƙara shan ruwan nan."

"Na sha, Malam. Alhamdu lillahi."

Shi ke nan, ya ce ya sha. In na sake magana na ce ƙarya yake yi ke nan, a gaban idonsa, mahaifin matata, mutumin da duk Tudun Wada ke karɓar maganarsa a kan iyakar gida babu rantsuwa. Na san ku masu karatu kuna cewa da ku ne da kun yi kaza. Ni ma haka nake cewa a kan labarin wasu. Na sake hawa tudu na daɗe a can cikin rana don in ba shi fili, na dawo na tarar da gorar inda na bar ta. Na zauna ina jiran wata dabara ta zo mini, wadda za ta sa ya sha ba tare da kowa ya ji kunya ba. Awa guda cur na yi ina jira. Wannan awar ce na kasa yafe wa kaina.

Da azahar ta yi muka yi taimama. Ya ja mu sallah a zaune, ya daɗe a sujada har sai da na ɗago na duba. Bayan sallama na kalli fuskarsa kai tsaye, karo na farko a shekara tara. Leɓensa ya tsage ya yi fari, idanunsa sun faɗa. Ni gumi na zuba, shi goshinsa a bushe ƙamas. Ya fara kiran lambobi, yana cewa wani ya ja tef ɗin ya miƙe, yana kiran sunayen abokan aikinsa waɗanda na san sun daɗe da rasuwa. Can ya dawo hayyacinsa kaɗan, ya laluba gorar ya sake turo mini.

"Malam, Sakinatu na goyo. Su uku ne. Kai ya kamata ka koma."

Da na ji sunan nan a bakinsa na san abin ya wuce kunya, tun safe ya yanke shawararsa, ya ɓuya a bayan al'ada, ni kuma na taya shi ɓuya. Na fizgi gorar na miƙe tsaye a kansa. Na kafa kai na sha a gabansa, maƙogwarona na ƙara, ruwa na bin haɓata. Na ce ga shi na sha, ya gani da idonsa, saura shi. Na ce masa maƙaryaci. Na ce in ya mutu a nan me zan gaya wa 'yarsa. Ban san sauran abin da na faɗa ba, na dai san da ihu na faɗe shi, kuma ina kuka.

Ya kalle ni, ban san ko yana ji ba. Sai ya zame ya kwanta ta gefe. Na ɗora kansa a cinyata, jikinsa kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Na buɗe bakinsa da yatsa na zuba, ruwan ya fito ta gefe ya bi gemu. Na sake zubawa ya shaƙe, ya yi ta tari har na ɗauka tafiyar ke nan. Na koma zubawa a murfi, ɗigo-ɗigo, ina roƙonsa ya haɗiye, ina roƙon Allah, ina kiransa Baba kamar ɗan yaye. Bai haɗiye abin da ya kai cokali uku ba. Da na ga haka na jiƙa hularsa, na zuba sauran a kansa da ƙirjinsa, na yi ta yi masa fifita da hannu. Ruwan da muka yi yini muna tattali ya ƙare a cikin yashi ina gani.

Gab da la'asar na ji hon ɗin mota. Na rarrafa na hau tudu na ɗaga rigar. Jagora ne da Ashraf da wasu mutum biyu na ƙauyen. Zangonmu yana bayan tudu biyu ne ta gabas, tafiyar da jagora ya ce ba ta kai minti ashirin ba. Da na faɗi maganar rana tun da safe, da a tanti muka yi azahar. Da na sani ƙeya ce.

A asibiti a Gashuwa sun yi iya yinsu. Sun sa masa ƙarin ruwa leda bayan leda, amma bai farka ba. Da hantsin washegari ya cika. Na kira ƙaninsa a waya, ya ce ƙasa duk ta Allah ce, kada a wahalar da gawa da doguwar hanya. A can muka yi masa sutura.

Kafin mu iso Zariya labari ya riga mu. Ashraf ya tarar da gora babu komai, don haka ya faɗi abin da ya gani, ruwa ne ya ƙare musu. Haka aka yi ta faɗa a zaman makoki. Dattawan Tudun Wada na zuwa suna dafa kafaɗata, suna cewa ko ɗan cikinsa iyakar abin da zai yi ke nan, Allah ya saka mini. Na sunkuyar da kai na yi ta cewa amin. Kwana bakwai ina karɓar yabon nan, abinci ba ya wuce mini.

Ranar sadakar bakwai da yamma, bayan mutane sun watse, Sakinatu ta same ni a zauren mahaifinta ina naɗe tabarmin da aka aro. Tana goye da ƙaramar. Ba kuka take yi ba, ta riga ta gama kukanta. Ta ce abu ɗaya take so ta sani ko zuciyarta ta huta, ƙarfe nawa ruwan ya ƙare, awa nawa ya yi babu ko ɗigo a kusa da shi.

Da na ce ƙarfe goma sha ɗaya da ta yarda, duk gari ya riga ya yarda. Na ajiye tabarmar da ke hannuna.

"Bai ƙare ba. Lokacin da ya faɗi gorar kusan cike take."

Na gaya mata duka, har da ledoji biyun da na binne, har da maganar rana, har da awar da na yi ina jira. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta jijjiga goyon a hankali.

"Na san ba zai sha a gabanka ba," ta ce. "Tun kafin ku tafi na sani. Amma kai fa? Kai da ba ka taɓa raga wa kowa ba a garin nan. Saboda bakinka na tura ka."

Ta gyara majanyi ta shige cikin gida. Na ci gaba da naɗe tabarmin, don masu su na jira a waje.